Fitilar da mai ita ba ya gani

A cikin dukan kayan da ke jikin mota akwai guda wanda direba ba ya taɓa ganinsa yana aiki, ko da zai shekara 40 yana tuƙi. Fitilun gaba suna haska masa hanya, in ɗaya ta mutu nan take zai sani. Inji yana magana da kunnensa, birki yana magana da ƙafarsa, taya kuwa in ta sace, sitiyari zai faɗa wa hannunsa. Fitilun baya ne kaɗai ba su da abin da suke gaya masa, domin an yi su ne saboda mutumin da ke biye da shi, wanda bai sani ba, wanda wataƙila ba za su taɓa gaisawa ba. Wani tsohon malamin lakwal a Maraɗi ya fi shekara 30 da motarsa kafin wannan tunani ya zo masa, kuma ba cikin kwanciyar hankali ya zo ba.

Motar Peugeot 504 ce, fara, irin wadda mutanen gari ke kira san-san-kat. Samfurin ya fito a Faransa a 1968, aka zaɓe shi motar shekara ta Turai a 1969, sa'an nan a 1975 wata 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya. A wannan shekara ta 1975 ne aka fara haɗa ta a Kaduna, aka ci gaba har 2006, abin da ya sa kayan gyaranta suka wadata a kasuwannin Kano da Katsina, suna tsallakowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Tasa dai ba ta Kaduna ba ce. Tana cikin waɗanda samarin Turawa suka riƙa korowa ta Hamada a shekarun 1970 da 1980, su bi ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko su gangaro kudu, su koma gida a jirgi. Ta bi ta hannu biyu kafin ta zo nasa. Bai daɗe da gama biyan bashinta ba aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka. Tun daga lokacin ya koyi lallaɓa ta kamar yadda ake lallaɓa tsohuwar da ta yi wa gida hidima.

Mutum ne mai tsari. A cikin motar akwai wani kaye mai shuɗiyar marfi wanda yake rubuta ranar juyen mai, da ranar sauya taya, da ranar da aka ƙara wa batir ruwa, da irin kyakkyawan rubutun nan na malaman da suka koyi rubutu da alƙalamin tawwada. Kowane sashe na motar yana da shafinsa, ban da fitilun baya. Kuma ƴan fadarsu sun san shi da magana guda wadda ba ya gajiya da ita, wato maganar amalanken jaki da na shanu da ke hawa kwalta da dare babu ko ƙyallin fitila. Yakan ce wanda ya shiga hanya cikin duhu bai nuna kansa ba, ya ɗora wa na bayansa alhakin da ba nasa ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani.

Wani dare na ƙarshen kaka suna dawowa daga ta'aziyya a Tasawa, shi da uwargidansa da maƙwabta biyu, bisa babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Maraɗi. Sun wuce Agye, ba su kai Cadawa ba, ƙura ta tsaya cikin iska, hasken fitila ba ya zuwa nesa. Wata mota da ke fuskantarsu ta dalle masa ido, tana wucewa sai ga amalanke shaƙe da kara a gabansa, kusa ƙwarai. Ya danna birki. Ya tsaya lafiya, da sauran ƴar rata tsakaninsa da karan. Amma kafin ya sauke numfashi sai ya ji ƙaho da kukan taya daga baya, wata babbar mota ta zo ta gefen hagu kamar gini yana tafiya, ta shafi motar, ta tafi da madubin gefe, ta gangara wancan ɓangaren hanya ta tsaya cikin yashi. Matan da ke baya suna ta salati.

Direban ya diro da gudu, saurayi ne, jikinsa na ɓari. Ya zo da zagi a bakinsa, da ya ga furfura sai ya haɗiye.

“Baba, wallahi na ɗauka babur ne. Fitila ɗaya na gani, ta dama, can bakin hanya. Na kauce kaɗan in wuce shi, sai na ga jikin mota a gabana.”

Malamin ya zagaya bayan motarsa, ya ga jajayen fitilu biyu suna ci, ta dama da ta hagu, babu wadda ta fi wata. Ya nuna wa yaron da yatsa, ya kira maƙwabtan su shaida. Sa'an nan ya yi masa irin faɗan da ya saba yi wa ɗalibin da aka kama da satar amsa: ya ce barci yake yi, ya ce da ya kashe mutum huɗu da haka zai tsaya gaban jandarma yana ƙirƙirar babur. Yaron ya rantse, ya sake rantsuwa, daga ƙarshe ya yi shiru, ya ba da haƙuri a kan laifin da bai yarda ya yi ba, ya hau motarsa. Sai da suka hango fitilun Maraɗi uwargidan ta yi magana. Ta ce: “Malam, yaron nan bai yi mini kama da mai ƙarya ba.”

Maganar ta kwana da shi. Da safe ya kira jikanyarsa ƴar shekara 10, wadda yake tsokana da amarya, ya tsayar da ita bayan motar, ya shiga ya taka birki.

“Amarya, me kika gani?”

“Ta dama ta kama, Kaka. Ta hagu ma ta kama, amma kamar ba ta karya kumallo ba.”

Ya yi dariya, ya ce ampul ne ya tsufa. Ya aika aka sayo sabo, ya saka, yarinya ta ce har yanzu da yunwarta. Ya ce na kasuwa ne marar kyau, ya sayo wani. Ya zare fizibil ɗaya bayan ɗaya ya ɗaga su ga rana, duk lafiya. Cikin mako guda ya sauya ampul uku, an bar jaki ana dukan taiki. Daga nan ya yanke hukunci cewa fitilar ta ɗan dusashe ne kawai, kuma fitila mai dusashe ba matacciya ba ce, saboda haka gaskiyarsa tana nan a kan direban. Abin da bai lura da shi ba shi ne duk gwajin nan da rana ya yi shi, fitilun dare a kashe.

Bayan kwana 10 ya dawo daga unguwa bayan isha'i, yarinyar ta buɗe masa ƙyauren gida, ya wuce ta ya taka birki a tsakar gida. Sai ta yi ihu: “Kaka, sake takawa!” Ya sake. Ta ce ta hagu ta mutu. Ya ɗaga ƙafa, ta ce ta dawo. Ya fito ya duba, ga ta tana ci. Ya kusa ce mata ita ma barci take yi, sai ya tuna inda ya taɓa faɗin haka. Ya kira ɗan maƙwabci ya zauna a mazaunin direba, shi kuma, karo na farko tun da ya mallaki motar, ya tsaya a inda na baya ke tsayawa. Yaro ya taka birki. Ta dama ta yi jajir, ta hagu ta ɗauke ɗif, kamar an hure aci-balbal. Daga taku 20, abin da ido ke gani babur ne a bakin hanya. Gani ya kori ji.

Ya san wanda ya kamata ya kai wa motar, kuma sanin ne ya sa ya yi kwana biyu yana jinkiri. A wata rumfa kusa da tasha akwai mai gyaran wutar mota da direbobin gari ke yabo, kuma ɗalibinsa ne na da. Sau biyu yaron ya zauna aji na ƙarshe na firamare a hannunsa, sau biyu ya faɗi jarrabawar shiga kolej, kuma malamin bai manta da abin da ya rubuta da jan biro a takardar sakamakonsa ba. Yanzu yaron ya zama magidanci, gemunsa ya fara fari, yara uku suna koyon aiki a ƙarƙashinsa. Da ya ga farar motar ta tsaya sai ya miƙe, ya goge hannu a tsumma, ya russuna ya ce: “Mushe, barka da zuwa. Da ka aiko ai da na zo gida.” Ya sa aka kawo benci, aka share shi.

Bai taɓa motar ba sai da ya yi tambayoyi. Da rana take yi ko da dare? Ita kaɗai ko da ƴar uwarta? Fizibil yana ƙonewa? An taɓa bugun motar ta baya? Malamin ya tuna cewa shekarun baya wata mota ta taɓa dungurar kusurwar hagu, aka kai wurin mai bugun ƙarfe ya miƙar, aka yi fenti. Mai gyaran ya gyaɗa kai. Sa'an nan, domin yaransa su ji, ya jera yadda yake raba ciwon fitilar baya kashi huɗu. In fitilun birki biyu suka mutu tare, to ciwon yana gaba, kafin waya ta rabu biyu: ko fizibil, ko makunnin da fedar birki ke dannawa, ko doguwar wayar da ta taho daga gaba. In ɗaya ce ta mutu ɗayar tana ci, ciwon yana bayan rabuwa: ampul, ko mazauninsa, ko guntun wayar da ya zo masa. In fizibil yana ƙonewa da zarar an saka sabo, akwai waya da ta feɗe tana taɓa jikin mota. In kuwa fitilu suka shiga sha'anin juna, a kunna wannan waccan ta amsa, a taka birki wata ta mutu, to wannan ciwon mas ne, kuma kusan ba ya zama wani abu dabam. Ya ce wanda ya san kashin da ciwo yake ya yi rabin aiki, wanda bai sani ba sai ya yi ta sayen ampul. Bai dubi malamin ba sa'ad da ya faɗi haka.

Duk da haka bai tsallake matakai ba. Ya fara da fizibil, ya zare ampul ya duba zarensa biyu, ya tabbatar an saka shi daidai, domin irin wannan ampul yana da ƴan kunnuwa biyu a gindi waɗanda ba su daidaita ba, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma mai gaggawa kan cusa shi a juye da ƙarfi. Sa'an nan ya ɗauko abin aikinsa, wanda ba kome ba ne illa ampul ɗaya da aka liƙa wa wayoyi biyu. Ya maƙala ɗaya a ƙarfe mai tsabta na jikin mota, ya riƙa taɓa bakin wayoyin fitilar da ɗayar. Aka kunna fitilun dare, ampul ɗin gwaji ya kama. Aka taka birki, ya kama da ƙarfinsa. Wuta tana isowa ke nan, babu abin da ya same ta a hanya. Wani yaronsa ya kawo na'urar awo mai lambobi yana so ya nuna gwaninta, maigidan ya ce ya ajiye tukuna. Ya ce na'urar ba ta jan wuta, saboda haka ko silin waya ɗaya ya rage cikin 20 za ta nuna bolt 12, alhali silin nan ba zai iya ciyar da ampul ba. Ampul ɗin gwaji kuwa mai ci ne, in hanya ta ƙuntata zai nuna a fuskarsa.

Daga nan ya ɗauko wata doguwar waya, ya ɗaura bakinta ɗaya a kan batir ta wajen alamar ragi, ya jawo ɗayan har baya ya dangwala shi a ƙarfen mazaunin ampul. Ya ce: “Mushe, zo ka tsaya nan.” Yaro ya taka birki, ta hagu ta yi jajir kamar ta dama. Ya ɗaga wayar, ta mutu. Ya mayar, ta dawo.

Ya yi bayanin a ƙasa, da tsinke, malamin yana tsugunne kusa da shi. Wuta ba ta aiki sai ta fita daga batir, ta ratsa ampul, ta koma batir. Waya ce ke kai ta, amma masu ƙera mota ba su ja wata wayar komawa ba, jikin motar kansa suka mayar hanyar komawa, tun da ƙarfe ne kuma an ɗaure shi da batir. Wurin da fitila ke haɗuwa da jikin mota shi ne mas. Ampul ɗin baya kuma zare biyu ne cikin kwalba ɗaya: siriri mai wat 5 na fitilar dare, wanda bai kai rabin amper ba, da kakkaura mai wat 21 na birki, wanda ke jan kusan amper 2. Ƙofar shigarsu dabam-dabam ce, amma ƙofar fita ɗaya suke da ita, gindin ampul. In wannan ƙofa ta toshe, wuta ba ta haƙura, takan nemi ta maƙwabci. Da rana in an taka birki, sai ta shiga ta kakkauran zare, ta tarar babu mafita, ta juya ta bi siririn zare da baya, ta ratsa wayar fitilun dare, ta fita ta mas ɗin sauran fitilu. Siririn ne ke ɗan haskawa, shi ne fitilar da ba ta karya kumallo ba. Da dare kuma in ba a taka birki ba, sai ta shiga ta siririn, ta fita ta kakkauran, ta bi wayar birki zuwa ampul ɗin dama ta sauka can, fitila ta ci kamar lafiyayya. Amma da zarar an haɗa biyun, ga fitilun dare ga birki, bolt 12 na turowa ta nan, bolt 12 na turowa ta can, sai su yi karo babu mai matsawa, kamar kwata biyu masu tsawo ɗaya da ruwa ba ya gudu tsakaninsu. Fitila ta mutu daidai lokacin da aka fi bukatarta, ta farfaɗo da zarar direba ya ɗaga ƙafa ya fito dubawa. Ya ƙara da cewa fitilar kwana ma, wadda direbobi ke kira kilinyotan, a ƙofar nan take fita, in aka bar abin ya daɗe za a ga ana ba da hannun hagu fitilar dare tana ƙyafta ido tare da ita.

Ciwon kansa bai fi girman ƙwandala ba. A cikin akwatin baya, ƙarƙashin tabarmar roba, wata gajeriyar waya ta fito daga gidan fitila an ɗaure ta da noti a jikin mota. Da aka kwance notin sai ga fenti a ƙarƙashinsa, wanda mai fenti ya fesa bayan bugun nan, ya mayar da waya a kai. Shekara da shekaru haƙoran notin ne kaɗai ke ɗan taɓa ƙarfe. Robar murfin akwatin ta bushe da zafin bazara, ruwan damina ya riƙa tsiyaya ta kusurwar, ƙurar hunturu ta riƙe danshin, tsatsa ta cinye ɗan abin da ya rage. Bakin wayar kuwa ya yi kore. Mai gyaran ya gurje wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya yanke wayar zuwa inda jan ƙarfenta ke da haske, ya sa mata sabon baki ya liƙe da dalma, ya ɗaure da wani zobe mai haƙora domin ya ciji ƙarfe, sa'an nan ya shafe da giris saboda ruwa. Ya yi wa ɓangaren dama haka nan, ko da yake bai yi ƙara ba tukuna. Aikin bai kai rabin awa ba.

Bai rufe akwatin ba sai da ya bi damin wayoyin da hannu. A waɗannan motoci ba launi kaɗai ake bi ba, akwai ƴan lambobi kusa da bakin wayoyi, kuma ya san su kamar sunayen ƴaƴansa. Ya tarar da wuri guda inda damin ke ratsa wata huda a ƙarfe, zoben robar da ke kare shi ya faɗi, bakin ƙarfe ya fara yankan rigar waya. Ya tarar da mahaɗi biyu da wani ya taɓa murɗawa da hannu ya naɗe da leda. A cikin akwatin fizibil kuma ya zaro guda wanda aka ɗaura wa silin waya a madadin zarensa da ya ƙone, malamin ya tuna wani dare a hanyar Konni da wani mai taimako ya yi masa wannan dabara, shi kuma ya manta. Mai gyaran ya ce fizibil an yi shi ne domin ya mutu a madadin mota, wanda ya hana shi mutuwa ya zaɓi waya ta yi zafi cikin rufi har ta kama. Malamin ya tambaya ko a sa masa ampul irin na yanzu, na LED, masu haske da yawa. Ya ce a fitilar kwana ba zai ba shi shawara ba, domin abin da ke sa ta ƙyaftawa a tsohuwar mota da zafin wutar da ampul ke ja yake aiki, sababbin kuwa ba su ja sosai, sai ƙyaftawar ta rikice ko ta tsaya cak, sai in an sauya shi ma. Kuma kowane irin ampul aka sa, in mas ba shi da kyau, an yi aikin banza.

Malamin ya zauna bisa benci yana duban zanen da ke ƙasa, wanda ƙafafun yara suka fara sharewa. Ya san zanen nan. Ya yi shi a allo ba sau 20 ba, da batir mai faɗi na bolt 4,5 da ɗan ampul na tocila da wayoyi biyu, yana sa yara su maimaita da Faransanci cewa sai da'ira ta rufe fitila ke kamawa. Shi ya koyar da jimlar, kuma ya ba da maki a kanta, amma da fitilarsa ta yi ciwo sai ya yi mako guda yana duban hanyar zuwa kawai, bai ko tuna akwai ta komawa ba. Wanda ya riƙe rabin darasin da ya ɓace masa shi ne yaron da ya rubuta wa jan biro.

“A ina ka koyi wannan?”

“Wurin maigidana, shekara 9. Amma batir da ampul ɗin nan a ajinka na fara ganinsu, Mushe. Ranar ce kaɗai na riga kowa ɗaga hannu.”

Malamin bai tuna ranar ba, kuma bai yi ƙaryar ya tuna ba. Ya ciro kuɗi, mai gyaran ya ɓoye hannuwansa a baya ya ce ɗa ba ya karɓar ladan aiki wurin uba. Suka yi ta ja, daga bisani malamin ya ba yaran rumfar, ya ce na shayi ne.

Saura mutum ɗaya da ba a biya ba. Malamin ya yi tambaya a tasha, ya kwatanta babbar motar da saurayin da ke tuƙa ta, amma bai riƙe lamba ba, kuma manyan motocin da ke bin wannan hanya ba su ƙirguwa. Yaron ya faɗi abin da ya gani daidai, a matsayin da shi kaɗai ke iya gani, aka ƙaryata shi gaban shaidu, ya ba da haƙuri, ya tafi da abin a ransa. Malamin ya faɗi wannan a fada da bakinsa, a gaban mutanen da ya saba yi wa wa'azin amalanke, kuma ya roƙi duk wanda ya san direbobin hanyar Damagaram ya isar da saƙo, ko Allah zai sa ya kai.

A cikin kaye mai shuɗiyar marfi an buɗe sabon shafi. An rubuta a samansa cewa gwajin fitilun baya da magariba ake yinsa, fitilun dare a kunne, a taka birki, a ba da hannun hagu, a ba da na dama, a haɗa su duka. Mai gyaran ya nuna masa yadda mutum zai yi shi kaɗai: ya matsa da baya kusa da bango cikin duhu, ya duba jan hasken a madubi. Ya gwada sau ɗaya ya ga dabarar tana yi, amma bai riƙe ta ba. Kowace Alhamis, in an fito sallar magariba, yakan kira amarya. Ta tsaya bayan motar, hannu a ƙugu, ta riƙa ba da umarni kamar jandarma.

“Taka, Kaka. Saki. Hagu. Dama. Sake takawa.”

Yakan yi duk abin da ta ce, ba ya gardama, kuma ba ya kashe mota sai ta ce duka biyun sun ƙoshi.